Kwali Ko Shago: Hanyoyi Biyu A Gaban Ɗan Daura

Ranar Lahadi tun da sassafe hanyar da ta tashi daga Daura zuwa Mai'adua take cika. Ga tirelolin da za su ɗebi shanu zuwa kudu, ga ƙananan motoci maƙare da buhuna, ga masu babur da raguna ɗaure a baya. Idan ka shiga kara za ka tarar da saurayin da bai wuce shekara 23 ba yana kewaya bijimi. Ya duba haƙori, ya dafa tozo, ya ja baya ya ƙare masa kallo, sannan ya taya. Mai sa ya ce "albarka," dillali ya shiga tsakani, kafin azahar ciniki ya faɗa. Wannan saurayi bai taɓa zama a ajin jami'a ba, amma da wuya idonsa ya yi masa ƙarya a kan kuɗin dabba.

Wayewar garin Litinin kuma, a wani banki cikin garin Daura, sa'ansa ne zaune a bayan tebur. Shi bai san bambancin bijimin da ya sha dusa da wanda ya sha ruwa kawai ba. Amma idan aka ajiye masa takardun shige da ficen kuɗin ɗan kasuwa na wata shida, zai iya gaya maka ko kasuwancin yana tsaye da ƙafarsa ko bashi ne ke riƙe da shi. Digiri ya yi a fannin gudanar da kasuwanci, kuma a wannan safiya shi ne zai rubuta ko a ba mai shanun rance ko a hana shi.

Duk uban da ɗansa ya gama sakandare a Daura ko Zango ko Baure ko Sandamu ko Mai'adua, kuma yaron ya nuna yana son harkar kasuwanci, waɗannan samari biyu ne ke tsaye a gabansa. Ko ya tura shi jami'a ya karanto kasuwanci, ko ya kama hannunsa ya damƙa wa wani Alhaji ya koya masa shi a shago. Kowace hanya tana da masu yabonta, kuma kowane mai yabo yana da hujja. Ya kamata a ɗora su a ma'auni, a auna su gaɓa-gaɓa.

Mu fara da ƙofar shiga. Mai neman digiri sai ya haɗa sakamako mai kyau a darussa biyar, ciki har da Turanci da lissafi, ya ci jarrabawar JAMB, sannan ya sami gurbi. Makarantun ba su yi nisa ba: akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Al-Qalam a Katsina, akwai Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, akwai Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya. Amma kusa ko nesa, sai an biya kuɗin rajista, kuɗin ɗaki, abinci, mota da takardu, shekara huɗu a jere. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya rage wa wasu nauyi, sai dai rance sunansa rance. Ƙofar shago kuwa ba ta tambayar sakamakon jarrabawa, ba ta kuma karɓar kuɗin rajista. Abin da take tambaya shi ne: ɗan wane ne, wa ya tsaya masa? Yaron da ubansa ke da mutunci a unguwa zai sami ubangida cikin mako guda. Maraya daga ƙauye wanda ba shi da mai cewa "na san shi" yana iya shekara yana neman inda zai raɓa. Ashe kowace ƙofa da makullinta: ɗaya kuɗi da ƙwaƙwalwa, ɗaya sanayya da asali.

Sai lokaci. A takarda, digiri shekara huɗu ne, da ɗaya ta bautar ƙasa, biyar ke nan. A zahiri yakan wuce haka. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk tsawon wannan lokaci ɗalibi ci yake yi daga aljihun gida, ba ya kawo komai. Yaron shago shi ma yana ba da shekaru, sau da yawa ma fiye da biyar, yana shara, yana dakon kaya, yana zuwa aike. Bambancin shi ne tun ranar farko an ɗauke wa gida abincin ranarsa, kuma yakan koma da ɗan abin sabulu. Amma akwai inda ɗalibi ya fi shi: ɗalibi ya san ranar gamawarsa, ko da an ɗaga ta. Yaron shago bai san ranar sallamarsa ba. Babu takarda tsakaninsa da ubangida. Wani maigidan mai tsoron Allah ne, zai yi wa yaronsa aure, ya kama masa shago, ya zuba masa kaya. Wani kuma sai gemu ya fito wa yaro, har ya fara furfura, yana nan yana jiran "in Allah ya kawo lokaci."

Me kowannensu yake koya? Ɗalibi yana koyon lissafin kuɗi, yadda ake raba uwa da riba a rubuce, yadda ake fitar da abin da kaya suka ci kafin a sa musu farashi. Yana koyon dabarun talla, dokokin kamfani da na kwangila, sha'anin haraji, tafiyar da ma'aikata, da yadda ake rubuta tsarin kasuwancin da banki zai karanta ya gamsu. Ilimi ne da ke aiki ko a kan shanu, ko siminti, ko asibiti. Rauninsa shi ne yawancin misalan da ke cikin littattafan daga manyan kamfanonin Amurka da Ingila aka ɗauko su, kuma ɗalibi yana iya cin jarrabawar talla da maki mai kyau alhali bai taɓa sayar da ko ƙwayar ashana ba. Yaron shago kuwa fuskar mutane ce littafinsa. Ya san wanda ya zo saye da wanda ya zo jin farashi. Ya san wanda za a ba bashi a yi barci, da wanda in an ba shi an yi sadaka. Ya san lokacin da gero ke faɗuwa da kaka da lokacin da yake tashi da bazara, ya san yadda canjin sefa da naira ke juya farashin rago kafin Babbar Salla. Rauninsa shi ne duk wannan sani a ka yake. Kuɗin shago da kuɗin cefane aljihu ɗaya suke kwana, kuma da yawa ba sa gane jari ya zaizaye sai ranar da suka je sari kuɗin suka kasa.

Yanzu ga abin da iyaye suka fi son ji: samu. Mai digiri yakan fara ganin kuɗin kansa ne a bautar ƙasa, inda alawus ya koma naira 77,000 a wata tun 2025, wato naira 924,000 a shekara. Idan ya dace da aikin gwamnati, a mataki na 8 ake ɗaukarsa, sama da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Banki da manyan kamfanoni sukan biya fiye da haka, ko da yake da yawa daga matasan da ake gani a kantar banki ma'aikatan kwantiragi ne, albashinsu bai kai na tabbatattu ba. Kyawun albashi shi ne an san ranar zuwansa, ana iya ɗora lissafin gida a kansa. Aibinsa shi ne ba ya jin kiran kasuwa. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, mai albashi yana kallo kuɗinsa suka koma rabin abin da suke saye. Ɗan kasuwa ba shi da ranar albashi. Yau ya samu, gobe ya tashi a tutar babu. Amma wanda ke da buhunan wake a sito lokacin da farashi ya tashi, dukiyarsa ta tashi tare da shi. Albashi yana da ƙasa da ba ya faɗawa ƙarƙashinta, yana kuma da rufin da ba ya wucewa. Riba ba ta da ko ɗaya.

Ta fuskar yawan hanyoyi, kwali ya fi faɗi. Mai digirin kasuwanci yana iya shiga banki, har da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ da ya biyo baya a 2019. Yana iya zama wakilin tallan kamfanin siminti ko taki ko sadarwa, ko jami'in mulki, ko mai kula da sayayya da sito, ko ma'aikacin hukumar tara haraji. Yana iya neman aikin kwastan, wanda ɗan masarautar da ke da iyakar Kongolam ba sai an yi masa bayaninsa ba. Idan ya ƙara da jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ANAN, ko ya yi digiri na biyu a wuri irin Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero, darajarsa ta ƙaru. A cikin Daura kanta, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da aka aza harsashinta a Disambar 2019, da Kwalejin Yusuf Bala Usman, duk suna buƙatar masu riƙe ofishin kuɗi da na rajista. Sai dai a faɗi gaskiya: kujerun ƙidayayyu ne, masu nema kuwa ba sa ƙidayuwa. Digirin kasuwanci ba kamar na likita ko lauya ba ne, wanda doka ta ce in ba kai ba babu mai yin aikin. Wanda ya karanta tattalin arziki ko kimiyyar siyasa yana iya neman kujerar da kake nema. Saboda haka mafi yawan masu wannan kwali sai sun bar gida, sun nufi Kano ko Abuja ko Legas.

Hanyar kasuwa ba ta kai wannan rassa ba, amma tana nan a ƙofar gida. Hatsi, dabbobi, riɗi, zoɓo, kayan masarufi daga Singa, atamfa da shadda daga Kantin Kwari, kayan gini, kayan waya, sufuri. Ba a rubuta takardar neman aiki, ba a jiran sunan mutum ya fito a jeri. Sai dai wanda ya tashi a harkar shanu, shanun ya sani. Ranar da harkar ta tsaya, ba shi da takardar da zai nuna a wani wuri ya ce ga abin da na iya.

Wannan ya kawo mu ga haɗari, kuma a nan mutanen masarautar Daura ba labari aka ba su ba. A Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe iyakar, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Kasuwar da rayuwarta ta dogara da shigowar dabbobi da masu saye daga ɓangaren Damagaram ta ji a jikinta: dillalai, direbobi, 'yan dako, masu abinci, 'yan canji, kowa ya taɓu. A farkon 2023 kuma canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, mai sa yana son sayarwa, mai saye yana da kuɗi a asusu, amma ciniki ya gagara. A duk waɗannan watanni albashin ma'aikaci bai fasa shigowa ba. To amma shi ma mai kwali yana da nasa haɗarin, wanda ba ya zuwa da ƙara. Shi ne zaman jira: shekara biyu, uku, biyar, yana yawo da takardu a ambulan, ya girmi zama yaron shago a ganinsa, bai kuma sami ofishin ba. Karyewar ɗan kasuwa a rana ɗaya take faruwa, kowa ya gani ya jajanta. Ta mai digiri a hankali take cinsa, ba mai zuwa yi masa jaje.

Akwai kuma batun jari, wanda shi ne ƙashin bayan komai. Ɗan kasuwar da ya tashi a hannun ubangida yana da abin da ba a koyarwa a aji: amana. Da waya kawai zai kira Dawanau a loda masa mota, ya biya bayan ya sayar, domin an san maigidansa, an san shi shekara goma bai ci kuɗin kowa ba. Mai digiri ba shi da wannan. In ya shiga kasuwa baƙo ne, kuɗi hannu za a nema daga gare shi. Amma akwai wata taskar da shi ke riƙe da makullinta. Bankin Masana'antu, shirye-shiryen tallafin gwamnati, kamfanonin da ke fitar da riɗi da zoɓo zuwa ƙasashen waje, duk ba sa jin "an san ni." Suna son rajistar kamfani, lambar haraji, lissafi a rubuce. Ga Alhajin da ke juya miliyoyi amma ba shi da takarda ɗaya da za ta shaida haka. Ga yaron da ya iya tsara takardun amma ba shi da buhu ɗaya. Kowannensu yana riƙe da rabin abin da ɗayan yake nema.

Ba za a rufe awo ba a ambaci 'ya'ya mata ba. Zaman shago a hannun ubangida hanya ce da al'adarmu ta fi buɗe wa maza. Mata a Daura sun daɗe suna sana'a daga cikin gida, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ɗinki, kiwo, adashe, amma da wuya a ga an kai budurwa kara ko sito a ce ta koyi fatauci. A wurinta digiri ba ɗaya daga cikin hanyoyi biyu ba ne, sau da yawa shi ne babbar ƙofar. Da shi za ta yi aikin banki ko ofis, da shi kuma za ta mai da sana'ar ɗaki ta zama kamfani mai rajista, tana tallata kaya ta WhatsApp, ana aiko mata da kuɗi daga Kaduna ba ta taka ko zaure ba. A wannan gaɓa ma'auni ya rinjaya ɓangaren makaranta a fili.

Daga ƙarshe, tsufa da abin da ake bari. Ma'aikaci yana da fansho, komai ƙanƙantarsa da jinkirinsa, amma ba ya bar wa ɗansa kujerarsa. Ɗan kasuwa ba shi da fansho, amma yana barin shago, sito da suna. Sai dai sau nawa muka ga dukiyar da aka tara cikin shekara 40 ta watse cikin shekara biyu bayan rasuwar mai ita? Ba kullum lalacewar magada ba ce. Sau da yawa babu wanda ya san wa ake bi, wa ke bi, domin littafin yana cikin kan mamaci, an binne su tare. Gidajen kasuwancin da suka daɗe a ƙasar Hausa sun gane wannan. Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, a fataucin goro da cinikin gyaɗa ya gina dukiyarsa, ba a aji ba. Amma Aliko Dangote, wanda ya fito daga wannan zuriya ta wajen uwa, sai da ya karanci kasuwanci a Jami'ar Azhar ta Alƙahira, sannan ya fara nasa a 1977 da rance daga dangin mahaifiyarsa. Khalifa Isyaku Rabi'u malamin Alƙur'ani ne kuma ɗan kasuwa. Ɗansa Abdussamad ya karanci tattalin arziki a Amurka kafin ya kafa BUA a 1988. A gidajen biyu kasuwa ce ta fara zuwa, karatu ya zo ya faɗaɗa ta. Kuma a gidajen biyu, yaron ya san ƙamshin sito tun kafin ya san ƙofar jami'a.

To ina ma'auni ya tsaya? A ganina, idan aka ware kowace hanya ita kaɗai, shago ya fi saurin ciyar da mutum, kuma ya fi tabbas a shekarun farko. Digirin kasuwanci shi kaɗai, a hannun wanda bai taɓa ciniki ba, ba shi da jari, ba shi da wanda zai tsaya masa, shi ne mafi rauni a cikin zaɓin, domin takarda ce da dubbai ke riƙe da irinta. Amma idan aka dubi nesa, shago shi kaɗai yana da iyakar da ba ya wucewa, kuma iyakar tana matsowa. Layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta Daura ya ratsa. Ranar da jirgi ya fara ɗaukar kaya, masu cin moriyarsa su ne waɗanda suka iya cika takardar kwastan, suka iya lissafin sito da inshora, suka iya ƙulla kwangila da kamfanin da bai san kakansu ba. In 'ya'yan masarautar ba su iya ba, wasu za su zo su iya, mu kuma mu yi musu dako.

Don haka shawarata ga uban da ke tsaye tsakanin samarin nan biyu ita ce kada ya bari a tilasta masa zaɓen ɗaya. Idan da hali, yaro ya je jami'a, amma a ɗaura shi da ubangida tun yana sakandare, kuma duk hutu, duk yajin aiki, a same shi a shago. Alawus ɗin bautar ƙasa ya ɗauke shi a matsayin jari, ba kuɗin sabuwar waya ba. Idan kuma babu hali, ya shiga kasuwa da ƙarfin gwiwa, ba tare da jin ya gaza ba, amma ya riƙe littafin shiga da fita tun daga ranar farko, ya raba aljihun shago da na gida, ya nemi karatun yamma ko na ƙarshen mako idan ƙafarsa ta tsaya. Su kuma iyayen gida su ji tsoron Allah su sa wa yaransu wa'adin sallama, a gaban shaidu.

Ina fatan ganin ranar da saurayin da ya taya bijimi ranar Lahadi a Mai'adua, shi ne zai zauna ranar Litinin ya rubuta abin da ya saya, abin da ya kashe a mota da la'ada, da abin da ya rage masa, ya ɗauki littafin ya shiga banki da kansa, ba tare da ya nemi mai yi masa tafinta ba.